Ranar da Muka Lulluɓe Kafinta

Duk wanda ya ce maka Ƙungiyar Kawo Ɗauki taron marasa aikin yi ce, turo mini shi shago mu yi magana. Ni mai walda ne, ban iya doguwar muhawara ba, amma ina cikin waɗanda suka kafa ta, kuma a shagona ake ajiye gadonta na ɗaukar waɗanda suka ji rauni.

Mun kafa ta ne shekarar da aka zuba wa titinmu kwalta. Kafin nan ramuka ne ke gadinmu, mota sai dai ta bi a hankali tana rangaji. Aka gyara hanya, muka yi ta murna kamar wawaye, direbobi kuwa suka mai da ita filin tsere. Ba a daɗe ba wata mota ta kwashe mahaifiyar Mai Faci, maƙwabcina, tana tsallakawa da bokitin ruwa. Jama'a suka kewaye tsohuwar suna salati, kowa na tsoron ya taɓa ta a ce shi ne. A nan bakin kwata ta cika, ana kallonta.

Bayan haka ne Hedimasta, wanda ya yi ritaya ya rasa yaran da zai yi wa tsawa, ya tara mu a shagona. Anti Nas mai kantin magani ta koya mana yadda ake ɗaga mutum ba a ƙarasa karya shi ba. Ni na haɗa gado da bututun ruwa, Tela ya ɗinka masa tamfol. Daga nan aiki ya yi ta ƙaruwa. Mu ne yashe kwata kafin ruwan sama, mu ne ba da jini in asibiti ta nema, mu ne tsallakar da 'yan makaranta da safe. Mun taɓa gina tudun rage gudu da kuɗinmu, hukuma ta zo ta fasa, muka sake ginawa, ta sake fasawa. Matata takan ce, "Kai da ƙungiyar nan, sai ka ce ita ta haife ka."

Hedimasta mutum ne mai son doka, in ya kwana bai kafa ɗaya ba ciwon kai yake yi. Amma kowace dokarmu akwai abin da ya haife ta. Wanda ya kama gado ba ya ɗaga waya, ko uwarsa ce ke kira. Dogo ne ya jawo mana wannan: muna ɗauke da wani dattijo mai karayar ƙugu, budurwarsa ta kira, shashashan ya saki ɓangarensa ya hau laluben aljihu, dattijo ya gangara cikin kwata yana tsine mana ɗaya bayan ɗaya. Wata dokar kuma, mutum ɗaya zai tsaya da direban da ya yi bugun har 'yan sanda su zo. Ni aka ɗora wa wannan, don gwiwata ba ta son gudu, muryata kuma, in ji matata, ko kurma sai ya roƙi a rage masa.

Sai ta mayafi. Wata rana babur ya buge wata mata, kayanta suka yage. Kafin mu iso da gado, 'yan iska sun ɗaga wayoyi sun ɗauke ta yadda take, suka watsa. Matar ta warke, amma ba ta ƙara takowa titin nan ba, daga baya ma mijinta ya kwashe su suka bar unguwar. Tun ranar Tela ya ɗinka mana shuɗin mayafi mara nauyi, wanda ake numfashi ta cikinsa. Duk wanda muka ɗauka, mace ko namiji, sai mun lulluɓe shi daga kai har ƙafa. Mutanen unguwa sun saba, har tsokana suke: "In na faɗi, a rufe ni da mai guga." Mun yi alfahari da dokar nan, wallahi mun yi.

Ranar da zan ba ka labari, da hantsi ne, ina bakin shago ina goge wata sabuwar ƙofar ƙarfe da aka ba ni aiki. A kan idona abin ya faru. Kafinta ya fito daga lungunsu da dogon katako a kafaɗar dama, katakon ya tare masa ganin gefen da motoci ke tahowa. Bai waiga ba, ya saka ƙafa a titi kamar tsakar gidansu. Mai Burodi kuwa yana tahowa da farar motarsa, ba ma gudun kirki yake ba. Na ji ƙarar birki, na ji dum. Katakon ya yi sama, Kafinta ya bugu da gefen kwata, ƙafarsa ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa.

Mai Burodi bai gudu ba. Ya fito hannu biyu a ka. Siririn mutum ne mai tari, shi ke raba wa shagunan titin nan burodi kowace safiya, in ya wuce ta gabana sai ya kare ido da hannu ya ce, "Baba, ka rage wutar nan, mu ma muna son ganin jikokinmu." 

'Yan ƙungiya suka fito kamar an yi musu allura. Anti Nas ta durƙusa ta sa yatsu a wuyan Kafinta, ta ce mana a hankali, "Yana numfashi. Suma ya yi. Kan ya fashe ne kawai, ku lura da ƙafar." Mu kaɗai muka ji, don mu kaɗai ke kusa. A daidai lokacin wata babbar bas ta sauke fasinjoji a tsallaken titi, baƙi zalla, nan take wayoyi suka tashi sama. Tela ya ja tsaki ya baza mayafi, ya rufe Kafinta har kai. Dogo da Tela da Mai Faci da Mai Aski suka ɗaga gado, Anti Nas na riƙe da ƙafar, Hedimasta na gaba yana kore mutane. Titi ya riga ya cushe, don haka suka yanke ta lungu suka nufi asibiti a ƙafa. Hannun Kafinta ɗaya ya zamo daga ƙarƙashin mayafin yana lilo.

Na kama aikina na tsayawa da direba. Na zaunar da Mai Burodi a bencina, na ba shi ruwa.

"Baba, na taka birki. Ka gani ai? Ka gani?"

"Na gani. Sha ruwan."

"Zai tashi?"

"Zai tashi ya zage ka ma. Kafintan nan kansa ya fi katakonsa tauri."

Ya yi ɗan murmushi, ruwan na zuba a ƙirjinsa. Na kira 'yan sanda, suka ce suna tafe.

A tsallake na ji wata mata cikin fasinjojin ta ce, "Allah ya jiƙansa, ko shurawa bai yi ba." Ban kula ta ba. Wani ya amsa, wani ya ƙara gishiri. Kafin ka ce me, maganar ta zaga titi ta dawo: an kashe mutum, har an rufe gawa an tafi da ita. Mutane suka fara tsallakowa, ba gudu ba, a hankali, suna kallon jinin da ke gefen kwata suna kallon bencina.

Sai ga Bulo a bayan babur. Ƙanin Kafinta ne, Kafinta ne ya rene shi tun rasuwar ubansu. A wata unguwa yake zaune yana buga bulon siminti, shi ya sa ake kiransa haka, kuma bai san kan titinmu ba balle dokokinmu. Wani ne ya kira shi. Ya diro tun babur bai tsaya ba, jikinsa fari fat da siminti. Ya ga jinin, ya ga katakon, ya ga takalmin yayansa wari ɗaya a tsakiyar titi.

"Ina Yaya? Ina Yayana?"

Wani saurayi mai jakar goyo ya miƙa masa waya. "Ga shi nan, na ɗauka. Sai haƙuri."

Na hango abin da yake kallo: gado, shuɗin mayafi har kai, hannu na lilo. Bulo ya yi wata irin ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Ya ɗago, idonsa ya kaɗa jawur, ya ce, "Ina direban?"

Ban jira a nuna masa ba. Na cafki Mai Burodi ta wuyan riga na jefa shi cikin shago, na ja ƙofa, na danna kwaɗo, na juya na jingina bayana da ita.

"Baba, matsa," in ji Bulo.

"Ɗana, saurara. Yayanka na da rai. Suma ya yi, suna hanyar asibiti da shi."

"Mai rai ake lulluɓewa har kai?"

"Mu haka muke yi."

"Ku su wa?"

To, ka ji fa. Ta ina zan fara? Ta kan matar da kayanta suka yage? Mutum na tsaye yana haki, a ganinsa an kashe wanda ya rene shi, ni kuma in ba shi tarihin ƙungiya? Na fara, wallahi na fara, amma hayaniya ta cinye maganar. Wani ya ce, "Ƙarya yake, direban ya ba shi kuɗi!" Wani ya ce, "Da idona na ga ƙwaƙwalwa a ƙasa!" Ɗan banza maƙaryaci, ko a gaban Allah zan maimaita.

Na zaro waya na ɗaga ta sama, na buɗe murya kowa ya ji. "Ga nas ɗin da ke tare da shi, ku ji daga bakinta!" Suka ɗan lafa. Wayar Anti Nas ta yi ta ƙara har ta katse. Na kira Dogo, ta katse. Na kira Tela, na kira Mai Faci. Kowa hannunsa na kan gado, kowa na bin doka tsaf yadda muka koya masa. Dogo ma, Dogo da ya yar da dattijo a kwata, ranar ya zama mutumin kirki. Hedimasta kuwa wayarsa kullum tana gida tana caji.

"Ba za su ɗauka ba," in ji mai jakar goyo. "Gawa suke ɗauke da ita, me za su ce?"

Wani ya doke hannuna, wayar ta tashi ta tarwatse a kan kwalta.

Da motar suka fara. Dutse ɗaya ya zubar da gilashin gaba. Suka ɓalle ƙofar baya, burodi ya zubo titi, wasu na takawa, wasu na cusawa a riga. Sai ka rantse biki ake. Na hango Mai Kanti a tsallake, mutumin da mu muka ɗauki ɗansa a gadon nan, muka lulluɓe shi da mayafin nan, yaron na nan garau yana zuwa makaranta. Na ƙwala masa kira.

"Mai Kanti! Kai ka san mayafin nan! Zo ka faɗa musu!"

Ya kalle ni, ya kalli taron, ya ja ƙofar kantinsa ya rufe. Har yau ba na sayen ko ashana a wurinsa.

Gidana na manne da bayan shagon. Matata ta fito ta lungu, hannunta duk kumfar wanki, ta ga abin da ake ciki ta dafe ƙirji. Na ce, "Asibiti! Ki je ki taho da Anti Nas!" Matata mace ce mai jiki, tun da na aure ta ban taɓa ganin ta yi sauri ba ko tukunya na ƙonewa. Ranar ta watsar da silifas ta zura a guje.

A bayana ina jin Mai Burodi na dukan ƙarfe da guduma. Ƙofar baya ya gano, wadda ke fita tsakar gidana. Bara ɓarayi suka shigo ta nan, na fusata na liƙe ta da walda sama da ƙasa, har ina cika baki cewa ko aljani ba zai buɗe ta ba. Ya matso jikin ƙofar gaba yana kirana ta ƙasa.

"Baba, ƙofar ba ta buɗuwa! Baba!"

"Shiga bayan injin ka kwanta!"

Wani ya ce a kawo fetur. Nan na saki muryar da Allah ya ba ni gaba ɗaya. "Akwai tukwanen gas a ciki! Ku kunna, wallahi har wanda ke tsallake sai an tsinci namansa a kan rufi!" Wannan kaɗai ce maganata da suka ji ranar, don ta shafi fatarsu. Aka bar zancen fetur.

Bulo ya matso har ina jin warin siminti da gumi a jikinsa. Hawaye sun yi layi biyu a farar fuskarsa.

"Baba, ba na so in taɓa ka. Ba ni makulli."

"Ka jira. Don girman Allah ka jira matata ta dawo. In yayanka ya mutu, ni da kaina zan buɗe maka."

Na ga ya yi jim. Na rantse maka na ga maganar ta shige shi. Amma taro ba ya bari. Na baya suka turo na gaba, wani ya cusa hannu a aljihuna. Na riga shi, na zaro makullin na wurga cikin kwata, ruwa ya tafi da shi. Sai suka waiga suka ga tarin rodina a gefen shago, rodin da na saya da kuɗina don aikin mutane. Kowa ya zari ɗaya.

Na farko a kafaɗa ya same ni. Na kama mai shi na haɗa kansa da bango, ban yi nadama ba. Na biyu na tare da hannun hagu, na ji ƙas, kamar an karya busasshen itace, hannun ya saki. Wani ya shure gwiwar tawa mai ciwo, na zube. Suka bi ta kaina. Ina kwance ina ganin ƙafafu, ina jin rodi na shiga ƙarƙashin ƙofata. Ƙofar nan ni na ƙera ta, na san ƙarfinta, amma ba a yi ta don mutum ashirin ba. Ta lanƙwashe daga ƙasa kaɗan kaɗan, tana kuka, har ta buɗe baki yadda mutum zai shiga a kwance. Samari biyu suka kutsa. Na ji ɓarin ƙarafa a ciki, na ji ihu, sai ga ƙafar Mai Burodi sun turo waje. Na waje suka ja. Bakin ƙarfen ya yage masa riga da fatar baya.

Ba zan ɓoye maka yadda aka yi ba. Mari aka fara, sai shuri, sai rodi. Wani ya ɗauko katakon Kafinta ya sauke masa a gadon baya har katakon ya tsage. Akwai wani mai takalmin ofis da jaka a hammata, ya zo ya shure shi a ciki, ya duba takalminsa, ya koma gefe. Bai san Kafinta ba, bai san direba ba, bas kawai ya sauka. Mai Burodi ya dunƙule ya rufe kai da hannuwa, suka karya yatsun. Bai zagi kowa ba. Ni kaɗai yake kira, "Baba! Baba, faɗa musu!"

Na ja jiki na faɗa a kansa. Na ji ƙirjinsa na bugawa a ƙarƙashina, na sha rodi biyu a baya. Sai wani la'ananne ya kama karyayyen hannun ya ja. Duniya ta yi fari. Da na dawo hayyacina ina gefen kwata, bakina cike da jini da ƙasa.

A lokacin ne na ga Bulo. Duk dukan nan bai sa hannu ba, yana tsaye yana kuka. Ya juya ya ga bulon da na tokare ƙafar bencina da shi. Ya zare shi, bencin ya kife. Mutane suka buɗa masa hanya. Ya ɗaga shi sama da hannu biyu yadda yake ɗagawa kullum a wajen aiki.

"Bulo! Yana da rai! Bulo!"

Ya ce, "Yayana," ya sake shi.

Sau ɗaya ne. Ƙarar ba ta da yawa ma. Ƙafafun Mai Burodi suka miƙe, suka yi rawa, suka tsaya. Titi ya yi tsit, har ina jin rediyon wani shago can nesa.

Ba a jima ba sai ga babur ya ratso taron yana hon. Anti Nas ce a baya, safar hannunta duk jini, matata ta maƙale a bayanta ba ɗankwali. Tun kafin ta sauka take ihu.

"Yana da rai! Ya farfaɗo! Yana ta tambayar ƙaninsa! Ina direban?"

Ka taɓa ganin taro ya narke? Rodi suka fara faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Mai takalmin ofis ya duba agogo ya wuce. Mai jakar goyo ya sa waya a aljihu ya bi lungu. Wanda ya ga ƙwaƙwalwa da idonsa ban ma ga ta inda ya bi ba. Aka bar burodi a warwatse, da mota ba gilashi, da Bulo a tsaye hannuwansa a sake.

Anti Nas ta durƙusa kan Mai Burodi. "Akwai sauran numfashi. Gado! Ina gado?"

Gadonmu yana can asibiti. Na nuna mata sabuwar ƙofar da nake gogewa. Suka kwantar da ita a ƙasa, suka mirgina shi a kai. Matata ta kama kusurwa ɗaya, mai babur ya kama ɗaya. Mai Kanti ya buɗe kantinsa ya taho sumui-sumui ya kama ta uku, na tofa masa jinin bakina a ƙafa. Saura ɗaya, Anti Nas kuma dole ta riƙe kan. Ta ɗaga ido ta ga Bulo. Ba ta san abin da ya yi ba.

"Kai, ƙato, me kake kallo? Kama nan!"

Ya kama. Matata ta ce akwai wani mayafin a shago, ta ɗauko? Na ce a bar shi a buɗe, kowa ya gani.

Muka bi lungun nan, ina biye ina rungume da hannuna. Ƙofar ƙarfe ba gado ba ce, ba ta da tamfol da zai shanye komai. Kusurwar Bulo ce ta fi ƙasa, jinin ya bi ƙarfen ya gangara hannuwansa, ya jiƙa masa riga da wando. Bai saki ba. Anti Nas na ta yi wa Mai Burodi magana, "Saura kaɗan, ɗan'uwana, ka riƙe, saura kaɗan." A bakin asibiti likita ya fito, ya ɗaga masa fatar ido, ya sa abin sauraro a ƙirji, ya daɗe. Sannan ya ce mu sauke a hankali, ya riga ya cika.

'Yan ƙungiya na zaune a benci suna jiran a yaba musu, sun kawo mutum da rai. Dogo ya zaro wayarsa yana dariya zai nuna mini bai ɗaga ba, sai ya ga abin da ke kan ƙofar. Hedimasta ya miƙe, ya koma ya zauna.  Ni kuwa baƙin ciki ya cika ni har na rasa wanda zan zaga, don duk wanda na duba a bencin nan mutumin kirki ne, kuma aikinsa ya yi daidai yadda aka koya masa.

'Yan sanda suka iso a ƙarshe, kamar yadda suka saba. Bulo bai gudu ba, shi ya je ya tsaya a gabansu. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya ga yayansa. Babbansu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya shiga, suna bakin ƙofa.

A ɗakin aka zaunar da ni ana ɗaure mini hannu, don haka komai a gabana aka yi. Kafinta na kwance, an naɗe kansa, ƙafar na rataye, allura ta sa shi surutu. Ya gan ni ya washe baki.

"Mai Walda, kai kuma me ya same ka? Ko kai ma katako ka ɗauka?" Ya juya ya ga ƙaninsa a bakin gado. "Auta! Ka zo? Kai, ka ga wautar yayanka. Ni na shiga gaban bawan Allahn nan, ko waigawa ban yi ba. In ka fita ka neme shi ka ce ya kwantar da hankalinsa, babu ruwansa. Ka ji? Kada ka yi masa wannan zuciyar taka."

Bulo ya kama ƙarfen gadon.

Kafinta ya ƙura masa ido, ya bi rigar da kallo har zuwa wando. Fuskarsa ta canza, ya miƙo hannu ya taɓa gefen rigar da ya jiƙe.

"Subhanallahi. Kai ka ɗauko ni ashe? Duk wannan jinin nawa ne? Sannu, Auta. Allah ya yi maka albarka."

Ma'aikaciyar da ke ɗaure mini hannu ta tsaya cak. Ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya kau da kai. Bulo ya durƙusa a ƙasa, ya kifa goshinsa a gefen katifar.

"Ba naka ba ne, Yaya," ya ce.